Kare Marasa Ƙarfi Daga Hannun Masu Kula da Su

Akwai tambayar da nakan yi wa ɗalibai a ajin kiwon garke kowace shekara. Nakan ce, idan ma'aikacin jinya ne da kansa ya mari mara lafiya, wa mara lafiyan zai kai wa kuka? Amsoshi sukan zo da sauri: likita, shugaban asibiti, fasto, dangi. Sai in ƙara da cewa, to, idan mara lafiyan bebe ne fa? Idan tsohuwa ce wadda ta fara ruɗewa, tana kiran jikanta da sunan mijinta da ya rasu? Idan yaro ne a gidan marayu, wanda ya dake shi kuwa shi ne mai raba tuwon dare? A nan ajin yakan yi tsit.

In muka ce "marasa ƙarfi", ba muna nufin masu raunin hali ba ne. Muna nufin duk wanda cinsa, da wankansa, da shan maganinsa, da zuwa bayan gidansa, ko ƙirga kuɗinsa suka rataya a hannun wani. Naƙasasshe yana ciki, mai taɓin hankali yana ciki, haka tsoho da maraya. Mace mai naƙuda tana ciki na 'yan sa'o'i. Ni da kai ma za mu shiga ciki ranar da aka kwantar da mu don tiyata. Abu biyu ne suka haɗa waɗannan mutane: ba sa iya gudu, kuma in sun yi magana ba a cika gaskata su ba. Mai cin zali ya san wannan sarai.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Tun zamanin 'yan mishan, ikkilisiya tana da hannu a aikin magani, daga Vom zuwa Garkida, daga Jos zuwa Galmi a Nijar. Yau ma gundumomi suna da ɗakunan shan magani, da gidajen marayu, da makarantun makafi da kurame. Da yawa cikinku za ku zauna a kwamitin da ke lura da irin waɗannan wurare, wasunku su zama shugabanninsa. Ko ba haka ba, fasto yana shiga ɗakunan da ba kowa ke shiga ba, yana ganin abin da maƙwabta ba sa gani.

Abin da ya faru a Winterbourne View

Na zaɓi misali daga Ingila da gangan, domin kada wani ya ce talauci ne kaɗai ko rashin doka ke kawo wannan.

Winterbourne View wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa kusa da birnin Biristol, mai gado 24, mallakar wani kamfani mai suna Castlebeck. An gina shi domin manyan mutane waɗanda aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, wasunsu ba sa iya bayyana abin da ke damunsu da baki. Hukumar lafiya tana biyan kimanin fam 3,500 kowane mako a kan mutum guda. Ginin sabo ne, da takardun izini, da masu duba aiki da ke zuwa lokaci lokaci.

A ƙarshen 2010, wani babban nas a wurin mai suna Terry Bryan ya rubuta wa shugabannin asibitin cewa ana cin zalin marasa lafiya. Ba a yi wani abin kirki ba. Ya kai ƙara wurin CQC, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci da gidajen kula da mutane a Ingila. Nan ma ba a bi maganarsa ba. Da ya ga haka sai ya nufi BBC. Wani ɗan jarida ya nemi aiki a asibitin kamar ƙaramin ma'aikaci, ya yi makonni yana ɗaukar hoto a ɓoye, aka nuna shirin a talabijin ranar 31 ga Mayu, 2011. Mutane suka ga ma'aikata suna danne marasa lafiya a ƙarƙashin kujera, suna marinsu, suna jan gashinsu, suna sheƙa musu ruwan sanyi da tufafi a jikinsu, suna barin su a waje cikin ɗari. Suna yi suna dariya. Cikin 'yan makonni aka rufe asibitin. A 2012 ma'aikata 11 suka amsa laifinsu a kotu, aka ɗaure shida daga cikinsu.

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne abin da bincike ya tono daga baya. Ashe labarin ya daɗe yana fita. An sha kai marasa lafiyan sashen gaggawa na wasu asibitoci da raunuka. An sha kiran 'yan sanda. Ƙaramar hukumar yankin ta karɓi ƙorafi da dama. Amma kowa ya dubi nasa ɗan guntun shi kaɗai, ya karɓi bayanin da ma'aikata suka bayar, ya rufe fayil. Ba wanda ya jera su ya ce, me ya sa wuri ɗaya ke ta fitar da irin wannan? An kuma gano cewa ba a barin iyaye su hau bene su ga ɗakunan da 'ya'yansu ke kwana, sai dai a sauko musu da su ɗakin baƙi. Da yawa kuma an kawo su daga garuruwa masu nisa, ziyarar dangi ba ta da yawa.

Kada mu ɗauka tonon asiri sau ɗaya yana kashe cutar. A 2019 BBC ta sake nuna irin wannan a wani asibitin mai suna Whorlton Hall a arewacin Ingila, bayan duk alkawuran da gwamnati ta yi, da sabuwar dokar kula da manya marasa ƙarfi da aka kafa a 2014.

Yadda abin yake tsirowa

Ba safai cin zali ke farawa da mugun duka ba. Yakan fara da ƙananan abubuwa: sunan ba'a da aka laƙaba wa wani mara lafiya, tsawa, jinkirta abinci don a hore shi, ɗaure shi a gado don ma'aikaci ya samu ya yi barci. Sabon ma'aikaci ya zo ya ga haka ake yi, ya ga ba wanda ya tsawata, shi ma ya koya. In ma'aikata kaɗan ne, ba horarwa, albashi bai zo ba wata uku, gajiya da fushi sukan sauka a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Wannan ba hujja ba ce, amma kwamitin da ke riƙe albashin mutum sannan ya bar shi shi kaɗai da yara 30 dare da rana, yana da nasa rabon alhakin.

Sai kuma wani irin mai cin zali dabam, wanda ya zo da niyya. Wannan ba ya zuwa da baƙar fuska. Yakan zama mai fara'a, mai kyauta, wanda ke karɓar aikin dare da kowa ke gudu. Jimmy Savile sanannen mai gabatar da shirye-shirye ne a Birtaniya, ya tara wa asibitin Stoke Mandeville kuɗi masu yawa, yana aikin sa kai a babban asibitin Leeds yana tura marasa lafiya a keke, har Sarauniya ta ba shi lambar girma. Saboda alherinsa aka bar shi yana shiga ko'ina. Sai bayan mutuwarsa a 2011 aka tabbatar cewa ya yi shekaru da yawa yana lalata da marasa lafiya, yara da manya, a cikin asibitocin nan. Wasu sun faɗa tun yana da rai, ba a saurare su ba. Wa zai taɓa mutumin da ya gina mana sashe guda? Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin mu masu hidima muna da rauni a wajen mai bayarwa. Wanda ya yi wa gidan marayu rufin kwano bai sayi izinin ɗaukar yarinya a motarsa shi kaɗai ba.

Ku lura da labarin Tamar a 2 Sama'ila sura 13. A ɗakin jinya abin ya faru, ko da yake a nan mai jinyar ce aka ci zalinta. Amnon ya yi ƙaryar ciwo, ya sa aka aiko masa da ita, kuma abu na farko da ya yi shi ne korar kowa daga ɗakin. Bayan haka ɗan'uwanta ya ce ta yi shiru, mahaifinta sarki ya husata amma bai hukunta kowa ba. Rufaffiyar ƙofa, da umarnin yin shiru, da shugaban da ya ji haushi bai motsa ba. Duk inda na karanta rahoton cin zali a wurin kula da mutane, sai in tarar da ukun nan.

Namu na gida

A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da ɗaruruwan maza da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyaye ne suka kai yawancinsu don a gyara halinsu. Na ji wasu Kirista suna maganar kamar matsalar maƙwabta ce. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a Najeriya, ta ce ta ga masu taɓin hankali ɗaure da sarƙa a asibitocin gwamnati, da wuraren gyaran hali, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Musulmi da na Kirista. Wato har da gidajen addu'a masu gicciye a ƙofa.

Bari in faɗi ra'ayina a fili. Addu'a domin mara lafiya aikinmu ne. Ɗaure shi a gindin itace, da tilasta masa azumi, da hana shi maganin da likita ya rubuta, da dukansa da sunan fitar da aljani, wannan cin zali ne ko da ana rera waƙar yabo a gefe. Na san abin da ke kai iyaye ga haka. Ɗansu yana fasa kaya, yana barazana, ba su da kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Taimakon da ikkilisiya za ta yi musu shi ne kuɗin motar da wanda zai raka su, da kuma wanda zai riƙa tuna musu karɓo magani in ya ƙare.

Akwai kuma waɗanda muka saba da su har ba ma kiransu cin zali. Marin mace a ɗakin haihuwa da zaginta. Tsare wanda ya warke a asibiti don bai cika kuɗi ba. Ɗan da ya riƙe katin cire kuɗi na mahaifinsa yana cin fanshonsa, tsohon kuwa yana kwance cikin fitsari a ɗakin baya. Tsohuwar da ruɗewar tsufa ta sa take surutai da dare, aka ce mayya ce. Sakaci ma cin zali ne: gyambon kwanciya a kwankwason wanda ba ya iya juyawa yana nuna cewa an daɗe ba a juya shi ba.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Akwai dokar haƙƙin yara ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta haɗa da fyaɗe, da raunata mutum, da tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, da yin watsi da wanda ya dogara gare ka. Akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairu 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958. Biyun farko sai jiha ta amince da su kafin su yi aiki a cikinta, saboda haka kowane mai hidima ya nemi sanin abin da jiharsa ta kafa, ya kuma san ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa tun kafin ya buƙace shi.

Ranar da aka kawo maka magana

A shekaruna na farko a hidima, wata gwauruwa ta same ni bayan sujada. 'Yarta kurma ce, tana zuwa karɓar magani a wani ɗakin shan magani. Ta ce, "Fasto, duk ranar da za mu je wurin nan yarinyar nan sai ta riƙe ƙofa tana kuka. Mutumin yakan ce in jira a waje." Mutumin kuwa ɗan'uwa ne mai himma, ba ya fashin taron addu'a. Na ce mata, "Mama, yara suna tsoron allura. Kada mu ɓata sunan bawan Allah a kan zato." Na yi mata addu'a, ta yi godiya, ta tafi. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan shekara biyu aka kama shi a kan wata yarinyar. Na yi wa'azi a kan gafara sau da yawa tun daga lokacin, amma ban manta yadda matar nan ta gyara ɗankwalinta ta juya ba.

Ga abin da ya kamata in yi. In saurare ta har ta gama, ba tare da na nuna mamaki ko shakka ba. In tabbatar cewa daga ranar yarinyar ba za ta sake shiga ɗakin nan ita kaɗai ba. In rubuta abin da aka faɗa mini da kalmomin mai faɗa, da kwanan wata. In kai maganar ga wanda ke da ikon bincike. Gaskata mai kuka har a kare shi ba daidai yake da yanke wa wanda ake zargi hukunci ba. Dakatar da shi daga aikin na ɗan lokaci kariya ce gare shi ma, in har ba shi da laifi.

Kada ka yi alkawarin cewa ba wanda zai ji. Ka ce za ka faɗa wa waɗanda dole su sani kaɗai. Kada ka zama ɗan sanda, kana yi wa yaro tambaya a kan tambaya, ko kana sa masa magana a baki, domin hakan yana ɓata shaida a kotu. Kada ka haɗa shi fuska da fuska da wanda yake zargi. In fyaɗe ne, asibiti da gaggawa: maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72, kuma wanka da wanke tufafi suna share shaida. Taron dattawa zai iya jira, sa'o'in nan ba sa jira.

A nan ne ake kawo mana ayoyi. Wani zai ce Matiyu 18 ta umarta a fara zuwa wurin ɗan'uwa a kaɗaice. Wannan koyarwa ce domin saɓani tsakanin 'yan'uwa da za su iya duban juna ido da ido. Tura yarinya kurma ta je ta sami wanda ya ci zalinta a kaɗaice, mayar da ita bakin kura ne. Wani zai kawo 1 Korintiyawa 6 a kan kai ɗan'uwa ƙara. Bulus yana maganar rigingimun yau da kullum irin na dukiya, shi ne kuma ya koyar a Romawa 13 cewa hukuma tana da aikin hukunta mai mugunta. Wani zai nemi shaidu biyu ko uku kafin a saurari zargi a kan dattijo. Mai irin wannan laifi ba ya gayyatar shaidu. Amma rahoton likita shaida ne, rauni shaida ne, ƙorafin da wata ta taɓa yi a tashar da ya baro shaida ne, in an ajiye shi a rubuce. Horon ikkilisiya yana da wurinsa, sai dai wata shida a bencin baya ba ya maye gurbin kotu. Mai tuba na gaske za a iya karɓarsa a teburin Ubangiji, amma ba a mayar masa da mabuɗin ɗakin yara.

Mafi muni shi ne sauya wa mutum wurin aiki a rufe maganar. Ikkilisiyar Ingila ta ɗanɗana wannan. Tun 1982 wasu shugabanni suka san cewa wani lauya mai suna John Smyth yana yi wa samarin da ya sani ta sansanonin Kirista mugun duka. Suka rufe, ya koma Zimbabuwe ya ci gaba. Da rahoton bincike ya fito a Nuwamba 2024, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya sanar da murabus. Rufin asirin da aka yi don kare sunan bishara ya jawo wa yaran wata ƙasa azaba, sunan da ake karewa kuma ya ɓaci fiye da da.

Tun kafin abin ya faru

In kana cikin kwamitin asibiti ko gidan marayu, yawancin aikin kariya ba ya cin kuɗi. Kafin a ɗauki ma'aikaci ko ɗan sa kai, a kira wurin da ya baro a yi magana da baki, a tambaya kai tsaye: za ku sake ba shi amanar yara? Takardar shaida daga fasto ba ta isa ba, mu kanmu mun san yadda muke rubuta ta don kunya. A kafa doka cewa ba a duba mace ko yaro sai da mutum na uku a ɗakin, dokar kuma ta hau kan kowa, har fasto mai ziyara. Wannan ba rashin amincewa ba ne. Ni kaina ba na yi wa mace shawara da ƙofa a rufe.

A naɗa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda kowa ya san su ne ake kai wa kuka, kuma kada su zama dangin shugaban wurin ko masu cin albashi a hannunsa. A ajiye littafi guda na rubuta kowane rauni da kowane ƙorafi, kwamiti ya riƙa karanta shi gaba ɗaya, domin abin da ya kuɓuce wa hukumomi a Winterbourne View ke nan. Ma'aikacin da ya kawo rahoto kuma a tsaya masa. In aka kore shi ko aka kira shi ɗan tsegumi, sauran sun koyi darasi, ba za ka sake jin komai ba.

Sannan ka je da ƙafarka. Ziyarar da aka sanar, aka share fili, yara suka yi layi suna waƙar maraba, ba ta nuna maka komai. Ka je ranar Talata da magariba ba sanarwa. Ka wuce ofis, ka shiga inda ake kwana, ka leƙa bayan gida, ka ɗanɗana abincin. Ka dubi wuyan hannu da idon sawu. Ka lura da wanda yake yin tsit ko ya noƙe in wani ma'aikaci ya shigo. Ka zauna da mara lafiya ba ma'aikaci a tsaye a kanku, in kurma ne ka zo da mai maganar hannu wanda ba na gidan ba. In kuma aka ce maka akwai ɗakin da ba a shiga, ka nemi a kawo mabuɗi, ka tsaya a wurin har a buɗe.